Nama Mai Riga a Rusaifa

Tun da na dawo ba a bar ni na huta ba. Matan ajinmu na yaƙi da jahilci, da maƙwabta, har da masu zuwa karɓar dabino da zamzam su zauna sai la'asar, kowa tambayarta ɗaya: Hajiya yaya Makka, yaya Rabi, yaya jikan. Na faɗa har muryata ta dushe, kuma duk wadda na ba labari sai ta kai shi gaba da ƙari. Shekaranjiya aka ce min wai na ce a Makka da madara ake kaɗa miyar kuka. Ban ce ba. Shi ya sa malamarmu ta ce in zauna in rubuta, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, da girmana na koyi riƙe biro.

Rabi ita ce ta uku a 'ya'yana. Mijinta haifaffen Makka ne, kakansa ne ya tafi aikin hajji daga Sakkwato bai dawo ba. Dangin marigayi mijina Malam ne ta wajen uwa, da haka aka san juna, ya zo Kano ya aure ta ya tafi da ita. Suka haifi ɗa namiji aka sa masa sunan Malam. Shekararsa takwas ban taɓa riƙe hannunsa ba, sai dai a waya ya leƙo ya ɗaga min yatsu ya gudu. Don haka da suka aiko min da biza da tikitin Umra, abu biyu na sa a raina: in ga Ɗakin Allah, kuma yaron nan ya ci abinci daga hannuna. Duk jikokina na Kano babu wanda bai ci tuwona ba har barci ya kwashe shi a gefen kwano. Ban ga dalilin da zai sa mai sunan Malam ya zama shi kaɗai ba.

Na yi shiri kamar mai ƙaura. Kuka a gida na sa aka daka min, ga busasshiyar kuɓewa, ga daddawa, ga yaji, ga garin dawa, ga man shanu cikin galan. Ƙanwata ta ce man nan zai zube. Na ce na naɗe bakin da leda na ɗaure da roba, ina zai bi?

A jirgi aka zaunar da ni kusa da wata Hajiya 'yar kasuwa mai zobe a kowane yatsa, wadda ta ce ita ta fi sanin hanyar Jidda a kan hanyar Wudil. Ita ta ɗaura min bel. Da na lissafa mata abin da ke cikin jakata sai ta dube ni da tausayi, ta ce 'ya'yan can ba sa cin irin wannan, da na sani in saya masa alawa. A raina na ce wannan ba ta taɓa ɗanɗana miyata ba. Aka kawo mana abinci a 'yan kwanonin roba irin na wasan yara, shinkafar da ba ta cika tafin hannu ba da wani ganye da ba a dafa ba. Na ci shinkafar, na miƙa mata ganyen, tunda ita ta saba.

A Jidda lallena ne ya fara ja min magana. Kafin tafiya na sa an ƙunsa min hannu ya kama baƙi ƙirin, don kada in shiga gidan surukai hannu fari kamar mai takaba. Ashe akwai wani gilashi da ake ɗora yatsu ya ɗauki zanensu. Na ɗora, ya ƙi. Ma'aikacin, wanda bai wuce sa'an autana ba, ya ba ni takarda mai laima na goge, na sake ɗorawa, ya sake ƙi. Mutanen bayana suka fara tsaki da yare iri-iri. Sai da na danne yatsun da ɗaya hannun kamar mai matse ƙuli-ƙuli sannan na'urar ta haƙura. Daga nan sai wajen kaya. Aka buɗe jakar, wanda ya buɗe ya ja da baya. Ya ɗaga ƙullin daddawa da yatsu biyu yana tambayata, ni kuma na nuna masa bakina na nuna cikina. Ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya sunsuna, suka dubi juna, suka dube ni, aka mayar min da kayana. Man shanun kuwa ƙanwata ce da gaskiya. Rabinsa ya tafi cikin atamfar da na saya wa uwar mijin Rabi.

A waje wata mata cikin baƙar abaya ta faɗo jikina tana kuka, sai a murya na gane Rabi ce. Ina cikin rarrashinta sai ga mijin ya nufo ni gadan-gadan, ya kama kaina da hannu biyu zai sumbaci goshina. Na goce har mayafina ya zame. Rabi ta ce haka suke girmama manya a can. Na ce to Allah ya yi albarka, amma ya girmama ni daga inda yake. A Kano suruki daga bakin ƙofa yake tuɓe takalmi ya durƙusa, ya gaishe ki kansa a ƙasa, ke ma ki amsa kina kallon bango.

Hanyar Makka shimfiɗaɗɗiya ce, babu rami ko ɗaya, wannan na yaba. Amma babu mai rake, babu mai gyaɗa, babu wanda zai leƙo ta taga ya ce sannunku da hanya. Duwatsu ne baƙaƙe dama da hagu, sai motoci suna wucewa kamar an koro su. Muka tsaya a wani shinge aka duba takarduna, muka wuce muna Labbaika. Abin da na gani a Harami kuwa ba zan haɗa shi a takarda ɗaya da maganar kicin ba. Wadda ta je ta sani, wadda ba ta je ba Allah ya kira ta.

Unguwarsu Rusaifa ake ce mata. Gidan bene ne, su suna hawa na uku, sai an shiga wani akwatin ƙarfe ya ɗaga mutum. Babu tsakar gida, babu inda za ki shimfiɗa tabarma ki ga sama. Ƙofa kullum a kulle, tagogi a rufe, na'urar sanyi tana hura wa mutum ƙashi dare da rana, har sai da na riƙa sa safa a garin da rana take iya gasa ƙwai a kan mota. Na tambayi Rabi su wane ne a ƙofar da ke kallon tasu, ta ce ba ta san sunansu ba, amma mutanen kirki ne. Ban san ta yaya ta gane kirkin ba. Hausar gidan ma an tsarma ta da Larabci har ta kusa fin ruwan yawa. Ni da na haifi Rabi a Gwammaja sai ga ta tana ce min yalla, tana ce min halas.

Yaron yana makaranta lokacin da muka iso. Da ya shigo na ga kunnuwan Malam sak, har da yadda yake tafiya yana karkata kafaɗa. Na buɗe hannu na ce, "Maigida, haka ake yi? Matarka ta zo tun daga Kano ba ka je tarya ba, ko cefane ba ka bari ba?"

Ya dubi uwarsa. Ta fassara masa tana dariya. Shi bai yi dariya ba. Ya faɗi wata magana gajeriya ya shige ɗaki ya turo ƙofa. Sai da na matsa wa Rabi sannan ta ce wai ya ce shi bai auri tsohuwa ba, kuma haramun ne. Wasan jika da kaka, wanda yaron goye ma ya sani a garinmu, a can sai an kafa masa hujja. Uban kuma ya tsaya a tsakiyar falo yana ƙwala wa yaron kira da sunan Malam gatsau, babu sakayawa, a gabana. Ni da muka zauna da mutumin nan har ya koma ga Allah bai taɓa jin sunansa a bakina ba. Na ci gaba da kiransa Maigida. Ba ya amsawa, amma ban da wani sunan da zan kira shi.

Washegari na shiga kicin. Babu muciya, da wani cokalin katako mai siririn wuya na tuƙa tuwo har na ji tsoron zai karye. Na kaɗa miyar kuka da daddawa da sauran man shanun da ya tsira. Rabi ta ci tana share ido. Mijin ya ci da cokali, yana yanka tuwon kamar mai raba sabulu, ya ce tabarakallah. Maigida ya shigo ya toshe hanci da rigarsa, ya buɗe firji ya ɗauki burodi da cuku ya fita. Na ce ba komai, baƙunta ce. Na yi ɗanwake, bai kalla ba. Na yi shinkafa da wake da mai da yaji, ya tambayi uwarsa ina kazar. Na yi masa alale, ya taɓa shi da yatsa ya ga yana rawa ya janye hannu.

Abin da ya fi tsaya min shi ne ranar da ɗaya kakar tasa ta zo, Hajja Maryam. Mace ce mai jiki da fara'a, a Makka aka haife ta, Hausarta ta Sakkwatawan da ce irin wadda ko a Sakkwato yanzu sai a bakin tsofaffi, sannan rabinta Larabci. Ta karɓi atamfar da tabon man shanu ta rungume, ta ce ƙamshin uwarta take ji. Ban da abin da zan ce a kanta sai alheri. Amma tana zama yaron ya haye jikinta, ta ɓare masa lemo tana sa masa a baki yana karɓa. Ina zaune a gefe da kwanon alalena a rufe.

Ran Alhamis Rabi ta ce yau za ta yi masa abin da ya fi so, in zo in gani. Istek suke ce masa. A wani gidan abinci ya fara ci, ita kuma ta koya a waya wajen wata Baturiya. Na jawo kujera na zauna.

Ta fito da naman sa an yanka shi fale-fale, babu ƙashi, babu kitse, babu abin da zai nuna dabba ce ta taɓa tafiya da shi. Ba ta wanke ba, goge shi ta yi da takarda. Ta shimfiɗa shi a katako ta ɗauko wata 'yar guduma mai haƙora ta dinga dukansa, naman da bai yi mata komai ba, har ya baje kamar tafin silifa. Na ce ko kilishi za a yi? Kilishi dai aƙalla yana ganin rana, a tsoma shi a labu mai yaji. Wannan gishiri ta barbaɗa masa da masoro, shi ke nan. Ta jera faranti uku, na fulawa, na ƙwai da aka kaɗa da madara, da na garin busasshen burodi da suke kira buksumat. Ta birkiɗa naman a na farko, ta yi masa wanka a na biyu, ta sake birkiɗa shi a na uku, ya fito da riga har wuya. Ta zuba mai a kasko ɗan kaɗan, wanda ko ƙosai ɗaya ba zai yi iyo a ciki ba, ta kwantar da shi. Kafin in gama gyara ɗankwalina ta juya shi, kafin in tambaye ta yaushe zai dahu ta kwashe.

Na ce, "Rabi, ɗanye za ki ba ɗan mutane?"

Ta ce, "Inna, ya dahu. Haka ake yi."

Ban gama da wannan ba ta shiga miyar. Ta tsiyaye man ta bar kaɗan tare da ɓurɓushin da ya kama a ƙasan kaskon, wanda ni da kankarewa zan yi in zubar. Ta zuba fulawa ta juya, ta kwarara madara tana juyawa har ya yi kauri. Ni dai a iya sanina wannan talge ne, talge kuwa tuwo ake tuƙawa a kansa. Ita sai ta sa masa gishiri da masoro ta ce miya ce. Miya babu manja, babu tattasai, babu albasa, fara fat kamar an kwaɓa farar ƙasa za a shafe ɗaki. Ta kwarara a kan naman, ta ɗora masa dakakken dankalin Turawa a gefe, irin sakwarar da ta kasa tsayuwa da ƙafarta. Faranti guda fari a kan fari. Na ɗanɗana da bakin cokali don kada a ce na yi wa abu shaida ban sani ba. Kamar an zuba wa nama kokon da aka manta sukari.

Maigida ya zauna da wuƙa da cokali mai yatsu ya share farantin tas, ya nemi ƙari. Ina kallon yadda kumatunsa suke motsi, na ce a raina, in dai wannan ne abincin, ai ko makauniya ta yi.

Na sa Rabi ta kai ni wajen mahauci. Wani Bayamane ne, ɗan ƙasar Yaman, a shago mai gilashi, nama a jere cikin sanyi kamar magani a kemis. Da inji ya yanka. Na nuna masa ya ɗan jefa min ƙashi ko tantaƙwashi gyara, ya yi murmushi ya ɗaure ledarsa. A hanyar dawowa na ji an ce sannu Hajiya da Hausa tsantsa. Wata 'yar Damagaram ce zaune a bakin lungu da kaya a kan zani. Ta ce hajji ta zo tun tana da ƙuruciya ta zauna, ba ta da takardar zama, ido ɗaya a kan ciniki ɗaya a kan titi. Na duba kayan nata. Kuka, kuɓewa, daddawa, yaji, har da muciya. Duk abin da na ɗauko tun daga Kano aka sunsuna min a Jidda, ga shi nan bayan gidan Rabi. Na dubi Rabi, ta dubi wani wajen.

Na jira ranar da Rabi ta fita unguwa da mijinta. Na ce yau yaron nan zai ci nama mai rigar da aka yi shi yadda ya kamata, ya san bambancin girkin waya da na kaka. Na wanke naman sosai har ruwan ya fito fari. Na zuba shi a tukunya da albasa da citta da kanumfari na tafasa shi, don ni tun da nake ban taɓa soya naman da ban tafasa ba, uwata ma haka. Da na buɗe tukunyar na ga ya ƙanƙance ya nannaɗe kamar kunnen akuya. Na ce ba komai, riga za ta rufe. Na bi da shi faranti ukun nan. Na cika kasko da mai yadda ake suya ta gaskiya, na bari ya yi zafi har yana hayaƙi, na jefa. Rigar ta tuɓe nan take ta tafi yawonta a cikin mai, ta yi baƙi, naman ya tsaya tsirara a tsakiya. Miyar kuwa na ce ba zan kai wa mai sunan Malam farar ƙasa ba. Na jajjaga tumatir da attaruhu na soya, na marmasa daddawa kaɗan, sannan na zuba madarar. Ta tsinke a idona, ruwa gefe, gudaji gefe, launinta kamar na ruwan kwata bayan an wanke tukunyar biki.

Ana cikin haka wani abu a saman kicin ya fara ihu saboda hayaƙi. Ban san inda ake kashe shi ba. Ina tsaye ina yi masa fifita da murfin tukunya sai ga Hajja Maryam ta shigo riƙe da hannun yaron, ta ɗauko shi daga makaranta. Ta kashe abin, ta buɗe taga, ta leƙa kaskon. Ta ɗauki yanka ɗaya ta ja da haƙori, bai saki ba.

Ta ce, "Hajiya, mi naman ga ya yi miki? Mahauci ya yanka shi, ke kuma kin bi shi har lahira."

Ta yi dariya har tana dafa bango. Na ɗan taya ta, don ba a ƙin taya baƙo dariya ko da a kanki ake yi, balle ni ce baƙuwar. Yaron ya dubi farantin, ya dube ni, ya ce wa kakarsa wani abu a hankali. Ba a fassara min ba, ban kuma nema ba. Aka buga waya aka kawo masa soyayyar kaza a kwali daga waje. Na kwashe girkina na zuba a leda na ɗaure da kaina.

Da Rabi ta dawo ta same ni ina goge mai a jikin bango. Lokacin kwanakina sun ƙare saura kaɗan, har an fara ɗaure min tsaraba. Ta karɓi tsumman ta zaunar da ni, ta ce tana da dabara. Ita za ta soya a ɓoye, ni in ɗauka in kai masa, a ce ni na yi. Zai ci, hankalina ya kwanta, in koma gida da daɗin rai.

Na ce, "Ban taso daga Kano don in yi wa yaro ƙarya a Makka ba. Ki koya min."

Ta ce, "Inna, sai fa kin yi yadda na ce. Ba tafasawa."

"Na ji."

"Ba daddawa."

Na ce na ji, ai ba kurma ba ce ni.

Haka na tsaya a kicin ɗin 'yar da na koya wa hura wuta tana ba ni umarni. Na kai hannu famfo da naman, ta riƙe min hannu. Na goge shi da takarda ina istigfari a zuci. Na ɗauki gudumar na dake shi, wannan kam ban sha wuya ba, akwai abin da nake hucewa. Ta ce hannu ɗaya na busasshe ɗaya na jiƙaƙƙe, kada in haɗa, na haɗa, yatsuna suka yi riga su ma. Ta ce in an gama sa rigar a bar shi ya ɗan huta kafin a soya, don ta kama jikinsa. Nama har da hutu. Na tsaya ina jiran nama ya huta, ni da ban zauna ba tun asuba. Mai kaɗan, wuta tsaka-tsaki. Na kwantar da shi ya fara 'yar ƙara. Hannuna yana ƙaiƙayin in juya, in danna, in ƙara wuta, Rabi tana cewa bari, bari. Da ta ce juya na juya, ya yi ja kamar bayan gurasa, rigar tana nan daram. Duk jikina yana gaya min cikinsa ɗanye ne. Na kwashe don an ce in kwashe.

Miyar ma na bi ta yadda aka ce. Na bar ɓurɓushin, na zuba fulawa, na tsiyaya madara kaɗan-kaɗan ina juyawa. Ƙullin yajina yana kan kanta yana kallona ina kallonsa. Ban taɓa shi ba. Na barbaɗa masoro, na kwarara farar abar a kan naman, na ɗauka da kaina na kai tebur, fulawa har gwiwar hannuna.

Ya fito ya zauna. Ya dubi farantin, ya dubi hannuwana, ya tambayi uwarsa. Ko ban ji Larabci ba na san tambayar. Rabi ta dube ni, na gyaɗa mata kai, ta nuna ni. Ya ajiye cokalin. Na koma gefe na zauna a ƙasa a kan darduma, na ɗauko carbi, na yi kamar ba shi nake kallo ba.

Ya daɗe a haka. Can ya ɗauki wuƙar ya yanki ɗan ƙaramin gefe, ya ɗaga rigar ya leƙa ƙarƙashinta ko na ɓoye wani abu, ya sunsuna, ya sa a baki. Ya tauna a hankali yana kallon bango. Ya sake yanka, wannan karon babba, ya dangwalo miyar. Rabi ta juya ta shige kicin da sauri, na ji ta buɗe famfo ba abin da take wankewa. Ni kuwa carbin yana tafiya a hannuna amma ban san me nake karantawa ba.

Ya ci har saura yanka guda a gefen farantin. Sai ya sauko daga kujera ya ɗauko farantin da hannu biyu ya zo ya ajiye a gabana a kan darduma, ya faɗi kalma ɗaya. Rabi ta leƙo daga kicin, idonta jajir, ta ce wai ki ci.

A garinmu babba ne yake ci ya rage wa yaro. Tun da na yi wayo ban taɓa ganin an miƙa wa tsohuwa ragowar jika ba, da a Gwammaja ne ma uwarsa za a yi wa faɗa. Na jawo farantin. Naman ya huce, rigar ta jiƙe ta yi laɓo-laɓo, farar miyar ta daskare kamar kokon jiya. Masu tambayata ko da daɗi, babu. Babu yaji, babu ƙashi, babu abin da harshe zai kama. Na yi bisimilla na cinye, na sa yatsa na suɗe farantin, yana tsaye a kaina yana kallo har na gama.